Sunanta Kaɗanya, Amma Ba A Kaɗa Ta

Ku matso kusa, na baya su bar hira. Wata magana zan ajiye muku a tsakiyar tabarma, in na gama sai ku san yadda za ku yi da ita, don ni ba zan ɗauke muku ba.

A wani gari da ake kira Tudun Ƙwarya, inda ƙasa take ja kuma itatuwan kaɗanya suka fi mutanen garin yawa, an yi wata tsohuwa ana ce mata Iya Tasalla. Ita ce uwar tukunya. Wato a hannunta babbar tukunyar man kaɗe ta garin take, wadda ke girke a gindin tsamiya bayan kasuwa, kuma ita ke riƙe da muciyar da ake juya man. Muciya ce ta icen ƙirya, doguwa, ta yi baƙi wuluk, hannuwan mata sun goge ta har tana sheƙi. Ba gadon jini ba ce. Uwar tukunya ce ke duban matan gari, in ƙarfinta ya ƙare, ta miƙa wa wadda ta ga ta dace a gaban kowa. Wadda ta karɓa ita ke faɗin ranar fara tsinta, ita ke raba rigima in mata biyu sun kama gindin ice ɗaya, ita ce kuma bakin mata duk inda aka nemi jin ta bakinsu.

Al'adar garin game da kaɗanya ba ta da wuyar ganewa. Ice na mai gona ne, da inuwarsa da rassansa. Amma abin da ya faɗo ƙasa na mata ne, kowace mace, ko bazawara ce da ba ta da ko kunya ɗaya ta noma, ko amarya ce da aka kawo jiya. Ba a hawa, ba a jifa, ba a sa gora. Sai 'ya'yan sun nuna sun faɗo don kansu, farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. Mata su tsinta, su dafa ƙwallon, su shanya, su ɓare, su daka, su soya, su niƙa, su buga da ruwa har kafaɗa ta yi tsami, sannan a kai babbar tukunya. Da wannan mai ake sayen gishiri da sabulu da takalmin makaranta, kuma ba macen da ke neman izinin kowa kafin ta taɓa abin da ta samu. Duk amaryar da ta fara fita tsinta, sai Iya Tasalla ta kama kunnenta ta ce, “Sunanta kaɗanya, amma ba a kaɗa ta. Jira ake yi.”

Ana nan haka, sai waɗansu manya a ƙasashe masu nisa suka zauna suka shirya cewa a buɗe ƙofofin kasuwa, kaya su shiga su fita ba shamaki ba haraji. Ba wanda ya aiko Tudun Ƙwarya ya tambayi Iya Tasalla ra'ayinta. A rediyo ta ji, tana tsinke zogale, ta ɗauka zancen masu jiragen ruwa ne. Ba ta san ƙofar da aka buɗe ta biyo ta bayan ɗakinta ba.

Abin da ya fara shigowa shi ne man girki na waje a cikin jarkoki rawaya, mai arha har mutum ya yi ta mamakin ko masu yin sa ba sa cin abinci. Mata suka yi guna-guni suka haƙura, don ko an daina miya da man kaɗe, ai akwai shafa, akwai jarirai, akwai masu sabulu. Sai kuma ga manyan motoci, ba su kawo komai ba, ɗauka suka zo yi. Wani kamfani ne ke son ɗanyen ƙwallon kaɗanya, a fitar da shi ƙetare a matse a can. Dillalansa kuwa ba wawaye ba ne. Sai da suka zauna da dattawan gari suka tambayi yadda al'ada take. Aka ce musu na ƙasa na mata ne. Suka ce, “To, na sama fa?” Sai wani ya ce ai ice na mai gona ne. Shi ke nan, suka sayi na sama.

Kada ku yi saurin zagin mazan. Taki ya yi tsada a shekarar, kuma dillali da hannu a aljihu ya zo. Amma kada ku wanke su tas, don kowanensu da man kaɗe uwarsa ta shafe shi ranar da ya zo duniya, kuma ya san na sama gobe shi ne na ƙasa.

Wata safiya Iya Tasalla ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ta tarar samari sun riga ta da dogayen gorori. Gindin kowane ice ganye ne da karyayyun rassa, 'ya'yan an kaɗe su ɗanyu an cika buhuna. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Ta yi kuka a wurin, ba ta ɓoye ba, sannan ta juya gida da ƙwarya a kife. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne abin da ya biyo baya: dillalan suka ɗauki matan garin aikin dafa ƙwallon da shanya shi, ana sallamar su da yamma. Matan da suke da abu suka koma 'yan ƙodago a kan abinsu. A shekarar ba a hura wuta a gindin tsamiya ba, har wata kaza ta samu wuri a murhun ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe.

Da damina ta biyu ta doso, mata uku suka tashi. Zan faɗa muku su ɗaya bayan ɗaya, da alherinsu da tabonsu, don kada wani ya ce na ɓoye masa wani abu.

Ta farko Hansai ce, 'yar kasuwa, mai bin kasuwannin ƙauyuka, mace mai baki. In ta yi miki magana sai kin je gida kin zauna sannan ki gane inda ta yanke ki. Tabonta kuwa kowa ya san shi: ita ce ta fara kawo jarkar man waje garin, ta kuma ci riba da ita. Tun daga nan Iya ba ta amsa gaisuwarta sai da ka. Wata rana da hantsi sai ga ta ta shigo ta durƙusa.

Ta ce, “Iya, na zaga ko'ina, kukan iri ɗaya ne. Amma na ga wani abu. Ƙwallon nan in ba a dafa shi an shanya ba, tsirowa yake yi ya lalace. Su kuwa ba su iya ba, samarin ma ba su iya ba. Sun sayi na sama, amma ba su sayi hannunmu ba.”

Iya ta ce, “Ke ce mai faɗa mini haka? Ke da kika kawo mana jarka?”

Hansai ta ce, “Ni ce, Iya. Shi ya sa na san hanyar da take biyowa.”

Iya ta so ta kore ta, amma magana ta riga ta shige ta. Ta ce ko matan Tudun Ƙwarya sun ƙi, ai ƙauyen gaba za a kai. Hansai ta ce abin da ya kawo ta ke nan, a ba ta wata alama da mata za su gani su san ba daga bakinta kaɗai maganar ta fito ba, don ita ma ta san yadda ake kallon bakin nata. Iya ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙoƙon da ake auna mai da shi, busasshe, ta ba ta.

Da wannan ƙoƙo Hansai ta bi ƙauyuka. Inda babur ke zuwa ta hau, inda ba ya zuwa ta taka. Ba ta kira taro ba, don ta san taron da aka kira maza ne ke cika shi. Gidan suna take shiga, da gidan biki, da bakin rijiya, da wurin niƙa. Sai ta bari an gama gaisawa, ta kife ƙoƙon a tsakiyar mata ta zauna. Ba a daɗewa wata za ta tambaya, daga nan kuma ba ta rufe baki sai an yi alkawari. Alkawarin ɗaya ne: ba macen da za ta hura wuta a ƙarƙashin ƙwallon da aka kaɗo. A wani ƙauye aka yi mata dariya, ta koma. A wani aka ce ta rantse ta daina sayar da jarka tukuna, ta rantse. Babban ɗan kasuwar da ke ba ta kaya ya ji labari ya yanke hulɗa da ita, teburinta na kasuwa ma aka ba wata. Ta dawo ta rame, dugaduganta duk kaushi, amma daga Kwarin Tsamiya har Dutsen Gayya ba ƙauyen da bai ba ta baki ba. Da ba ta yi wannan yawo ba, da a ranar farko an loda buhuna an kai gaba, an bar matan Tudun Ƙwarya da rantsuwarsu.

Samari suka kaɗa, buhuna suka taru a siton kamfani, mata suka naɗe hannu.

Ta biyu Gude ce. Ita shiru-shiru ce, irin matan da za a yi taro a watse ba a san sun zo ba. Tabonta ba ita ta jawo shi ba, amma a jikinta yake: mijinta Tanko shi ne ya fara sayar da na sama, shi ne kuma ya zama idon dillalai a garin, yana bi gona-gona yana lallashin maza. Mata na ganin duk abin da aka faɗa a gabanta zai kwana a kunnen Tanko, saboda haka in ta iso sai a canza zance.

Ku da kuka ƙoshi kuna ganin naɗe hannu abu ne mai sauƙi. Lokacin fa farkon damina ne, rumbuna sun yi ƙasa, kuma abin da ke cike wannan giɓi tun kaka da kakanni shi ne kaɗanyar da aka kaɗe. Dillalai suka ƙara lada, suka jera buhunan shinkafa a ƙofar sito inda kowace mai zuwa rijiya za ta gani. Iya Tasalla ta fara lura mata na kauce wa idonta. Ba ta ga laifinsu ba. Mace za ta iya jure tata yunwar, amma yaro in ya kama zaninta yana kuka, alkawari nauyi yake yi.

Sai ga Gude da kwando a ka, ta sauke a gindin tsamiya. Dawa ce daga gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa don kanta. Ta ce akwai saura, akwai kuma awakinta. Ta ce a ba ta aron babbar tukunya.

Iya ta ce, “'Yar nan, tukunyar nan tunda aka gina ta ba ta taɓa ɗanɗana komai ba sai mai.”

Gude ta sunkuyar da kai ta ce, “Iya, ai tukunya ba ta yi alkawari ba. Mu muka yi.”

Iya ta ba ta aron. Aka kori kaza, aka hura wuta. Gude ta ce kowace mace ta kawo abin da hannunta ya iya ɗauka, ko tafi ɗaya ne, wadda ba ta da shi ta kawo ganye, wadda ba ta da ganye ta kawo ice, wadda ba ta da ko ɗaya ta kawo kwanonta kawai, kuma kada a tambayi kowa me ta kawo. Fate ake yi da tafasa da rama da zogale. Ita ke rabawa, yara tukuna, sai masu ciki da masu shayarwa, sai tsofaffi. Hansai ta ga abin ta kai labarinsa ƙauyuka, kowane ƙauye ya girka tasa. Awakin Gude suka tafi ɗaya bayan ɗaya, dawar ta ƙare har da irin da ta ware don shuka.

Tanko ya sha kunya wurin dillalai, ya dawo gida yana huci, ya ce ta zaɓa, ko shi ko tukunya. Ta ce, “Malam, tuwonka na nan a rufe, ruwan wankanka na bayi. Ban taɓa rumbunka ba.” Wannan amsa ta fi zagi ɓata masa rai. Ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta ɗaure kayanta ta tafi, gidan nasu kuwa ya ma fi kusa da tsamiya. Washegari ita ta fara isa wurin murhu. Daga ranar ba a ƙara canza zance don ta iso ba. Da ba ta girka wannan tukunya ba, da alkawarin da Hansai ta tara ya narke a gaban buhunan shinkafa.

Ta uku Lantana ce, yarinya a kan sauran biyun. Ita ce mace ta farko a garin da ta gama sakandare, kuma da man kaɗen uwarta aka biya mata. Tabonta ya fi na kowa fitowa fili: aiki take yi wa kamfanin, ita ke tsaye a kan sikeli tana auna buhuna. Da albashin take riƙe da uwarta da ƙannenta, amma wannan bai sa mata sun ji tausayinta ba. In ta wuce da hular kamfani sai a bi ta da tsaki. Iya Tasalla kanta ta taɓa cewa an yi asarar mai.

Abu ya yi tsawo. Faten Gude ya fara yin ruwa-ruwa. Dillalai suka baza labari cewa an taso da wani inji daga birni mai dafawa da busarwa a yini ɗaya, in ya iso ko kyauta mace ta ce za ta yi ba a so. Suka kuma kai ƙara wurin hakimi cewa mata na tare hanyar kasuwanci. Iya ta zauna ta yi tunani, ta ga ita ce ta ba da ƙoƙo, ita ce kuma za a tambaya in wani yaro ya kwanta. Ta yanke shawara a ranta cewa in an taru cin abinci za ta saki mata daga alkawari, kowa ta je ta nemi abin da ya rage.

Ana cikin rabon fate da rana tsaka, sai ga Lantana ta ratso kasuwa, kowa na ganinta, ta nufo tsamiya. Ta cire hular ta ajiye a ƙasa, ta durƙusa, ta kama hannun Iya ta sa mata wani abu a tafi. Iya ta buɗe. Ƙwallon kaɗanya ne ya fashe, ya fitar da farin tsiro.

Lantana ta ce, “Iya, duk siton haka yake, wani ma ya fara wari. Babu wani inji a hanya. Ku ƙara haƙuri kaɗan.”

Wata ta ce, “Wa ya sani ko su suka aiko ki?”

Lantana ta ce, “Da su suka aiko ni, da ban ajiye aiki na bar musu mabuɗin sikeli ba.”

Iya ta juya ƙwallon a hannunta, ta shinshina. Ita ba ta san halin Lantana ba, amma ta san ƙwallo. Ta haɗiye maganar da ta zo da ita, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa cewa saura ƙiris ta faɗe ta ba.

Ranar zama a zauren hakimi, har da wakilin ƙaramar hukuma. Mai magana da yawun kamfani ba mugun mutum ba ne, kuma ya iya magana. Ya ce ƙasashe sun yi yarjejeniya, kasuwa a buɗe take, mai abu yana da ikon sayar wa wanda ya ga dama, kamfani kuwa bai ƙwaci komai ba, saye ya yi daga masu gonaki. Hakimi ya juyo ga uwar tukunya. Iya Tasalla, wadda ba ta taɓa rasa magana a gindin ice ba, ta ga zauren hakimi ba gindin ice ba ne. Ta san an cuce su, amma ba ta san ta ina za ta kama maganar yarjejeniya ba. Ta ga Hansai na gyara ɗauri za ta miƙe, ta san in wannan ta buɗe baki har hakimin sai ya samu rabonsa, sai ta danne mata gwiwa. Ta yi wa Lantana alama da ido.

Lantana ta ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, an buɗe ƙofa. Amma ƙofar da aka buɗe wa mai son sayarwa, ita aka buɗe wa wadda ba ta son yin aiki. Ba mu tare hanya ba, ba mu taɓa mota ba, hannunmu kawai muka janye. Sannan yarjejeniyar ta ce mai abu ya sayar da abinsa, ba ta ce a sayar da na wani kafin ya iso hannunsa ba. Kowa a zauren nan ya san na sama da na ƙasa abu ɗaya ne, kwanaki ne kawai a tsakaninsu.”

Ta ƙara da cewa ita ta tsaya a kan sikeli, ta ga yadda ɗanyen ƙwallo ke raguwa in ya bushe, kamfanin ma ba riba yake ci da shi ba. Ta roƙa a mayar da al'adar ta zama dokar gunduma, don wanda zai zo gobe kada ya sake tambayar na sama fa. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar. Wakilin kamfani ya tuna da warin sitonsa, bai matsa sosai ba. Hakimi ya yanke: ba hawa, ba jifa, ba gora, na ƙasa na mata ne, mai son ƙwallo ya saya a hannunsu bayan sun ware na tukunya. Lantana ta fito ba aiki, kuma ba wani mai sikeli a yankin da zai sake ɗaukar wadda ta fallasa sito. Da ba ta kawo ƙwallon nan ba, da Iya ta saki mata a ranar, da kuma ba ta yi magana a zaure ba, da an tashi da hukuncin da bai yi musu daɗi ba.

Kada ku ɗauka duniya ta gyaru. Jarkoki rawaya suna nan a kasuwa, ƙofar da manya suka buɗe ba a rufe ta ba, dillalai kuma da za su tafi sun ce za su kai maganar sama, baɗi a gamu. Hansai ba ta samu teburinta ba. Tanko bai aiko biko ba. Lantana ta koma taya uwarta daka. Abin da aka samu shi ne, itatuwan da gora ba ta kai gare su ba suka zubar da 'ya'yansu a kan kari, mata suka fita da ƙorai suka tsinta.

Aka wanke babbar tukunya da toka har ƙamshin fate ya fita. Ranar da za a dafa man farko, matan ƙauyuka suka cika gindin tsamiya. Aka zuba, aka hura wuta, Iya Tasalla ta ɗauki muciya kamar yadda ta saba. Ta juya sau ɗaya, ta juya na biyu, sai hannun ya ƙi. Ta sake gwadawa, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Ba ta yi mamaki ba, ta daɗe tana jin zuwan wannan rana. Ta zare muciyar ta riƙe ta a kwance da hannu biyu, matan kuma duk suka gane abin da ake nufi da haka.

Nan take raɗa ta tashi. Masu son Hansai na cewa ita ta ga hanya tun kowa na kuka, ita ta haɗa ƙauyukan da ba su taɓa haɗuwa ba, baɗi ma ƙafarta za a nema. Waɗansu na cewa ita ta kawo jarka, kuma bakinta zai raba abin da ƙafarta ta haɗa. Masu son Gude na cewa ita ta riƙe cikin mutane, ta ba da har irin shukarta da aurenta, uwar tukunya kuwa ai mai ciyarwa ce. Waɗansu na cewa ba ta iya magana a gaban manya, kuma in Tanko ya aiko biko gobe, muciya a gidan idon dillalai za ta kwana. Masu son Lantana na cewa faɗan baɗi a ofis za a yi shi, ba a gindin ice ba, ita kaɗai ta san harshen wurin. Waɗansu na cewa a ƙarshe ta zo, bayan wasu sun sha yunwa tana karɓar albashi, kuma ko buga mai ba ta gama iyawa ba.

Iya ta dubi ukun. Hansai na tsaye da ƙoƙon nan a hannu. Gude na durƙushe tana tura ice a murhu, ba ta ɗago ba. Lantana na can gefe, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda taɓaryar da ba ta saba da ita ba. Iya ta ji tana son kowacce, ta kuma ji kunyar kowacce, don ba wadda ba ta taɓa yi wa mummunan zato ba a cikinsu.

Na ga wani can yana motsa baki, zai ce a ba su su uku. Muciya ɗaya ce, in an raba ta uku ta zama itacen wuta, kuma in aka kira uwar tukunya zauren hakimi mutum ɗaya ke amsawa. Wata kuma za ta ce a bari a yi shawara. Ai man yana kan wuta, ya fara tashi, gefen tukunya ya fara ƙara, in ba a juya shi yanzu ba na shekarar nan gaba ɗaya zai kama ƙauri. Tsohuwa kuma ba za ta iya juyawa ba.

To, ku da kuka ji komai: tsakanin wadda ta haɗa mata, da wadda ta ciyar da su, da wadda ta yi musu magana, wa Iya Tasalla za ta miƙa wa muciya?